Wai binciken da muke yi kan tsuntsaye da itatuwa yana isa teburin gwamnati kuwa?

Ɗan Alkaleri:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina ajin ƙarshe a jami'a nan Bauchi, firojet ɗina kan tsuntsayen bakin kogin Gaji ne a Yankari, kullum asuba sai ƙirga da rubutu, to abin da ke damuna wai akwai mai karanta irin wannan aikin a Abuja ko dai ɗaure shi za a yi a ajiye ƙura ta cinye? Don Allah masu sani.

Malam na Gombe:
Wa alaikumus salam ɗana. Yana isa, amma ba firojet ɗaya ba, sai an tara da yawa har lissafi ya fito fili. Duba madobiya. Masu bincike ne suka yi ta nuna yadda ake sare ta a Taraba da sauran Yammacin Afirka ana lodawa a kwantena zuwa ƙasar Sin, har a 2016 aka saka ta a jerin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, a 2018 kuma aka dakatar da Najeriya daga fitar da ita. Haka ungulu, da can a mahauta faɗa suke kan kayan ciki, yanzu je ka duba, kuma ƙirgar masu bincike ce ta sa ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN ta sanya ta cikin masu dab da ƙarewa a 2015.

Hajiya Mai Kishin Daji:
Ni fa ba na musun abin da Malam ya faɗa amma wallahi takarda ba ta tsare itace. Mun yi tsarin kare halittu na ƙasa na 2016 zuwa 2020, an je taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kare halittu a Montreal a 2022 an amince a kare kashi 30 na ƙasa da ruwa kafin 2030, to su waye za su tsaya a gandun dajin Lame-Burra na Bauchi da dare in motar gawayi ta shiga? Ma'aikatan daji na buƙatar babur da mai da albashi kan lokaci, wannan kam ba bincike ke kawo shi ba, kasafin kuɗi ne.

Malam na Gombe:
Gaskiyarki Hajiya. Amma ɗana, kai ma ka daina kallon Abuja kawai, tun 2006 aka mayar da Yankari hannun gwamnatin jihar Bauchi, don haka masu yanke hukunci na kusa da kai. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS ma, da ta ƙulla yarjejeniyar kula da dajin da gwamnatin jihar a 2014, ta rataya wa wasu giwaye na'urar bin sawu, ita ta riƙa nuna inda garken ke fita zuwa gonakin mutane a san inda za a tura masu sintiri. Ka kai wa hukumar dajin kwafi ɗaya, sannan ka shigar da tsuntsayenka cikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke haɗawa.

Ɗan Alkaleri:
Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. To taswirar nan da waya ake shigarwa ko sai na je Jos?