Sojan baƙi idan yaƙi ya ƙi ƙarewa: su zauna ko su tattara su tafi?

Direban Kamba:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani ku taimaka min da wagga magana, jiya da dare saura ƙiris mu ɓata da yayana a teburin mai shayi a kanta. Ni direba ne, shekara goma sha ɗaya ina bin hanyar Kamba zuwa Gaya zuwa Dosso, wani lokaci har Yamai in an samu lodi mai kyau. Sa'adda sojojin Nijar suka kifar da Bazoum a Yulin 2023 suka ce Faransa ta kwashe sojojinta, wallahi ina cikin masu murna, ba zan ɓoye ba. Su wajen 1,500 ne, na ƙarshensu suka fita a Disambar shekarar, Amurka ma ta biyo baya ta bar sansanin jirage marasa matuƙa na Agadas, zuwa Satumbar 2024 ba saura. Hujjata ita ce tun 2013 Faransa ta shiga Mali yaƙar 'yan ta'adda, shekara kusan goma ana abu ɗaya, maimakon wutar ta mutu sai ta tsallaka Burkina da Nijar, to zaman mi suke yi?

Shi kuma yaya cewa ya yi in faɗi tsakanina da Allah, hanyar da da nake bi tsakar dare ina jin rediyo, yanzu ina iya binta? Gaskiya ba na iyawa, la'asar na yi kowa ya fara neman garin da zai kwana, yaron motata ma uwarsa ta hana shi bina ƙetare. Na rasa amsar da zan ba shi. Shi ya sa nake tambaya, ba Nijar kaɗai ba, ko'ina ne: in sojan wata ƙasa ya daɗe yana yaƙi a ƙasar mutane, bai ci ba kuma ba a cinye shi ba, wanne ya fi, ya daure ya zauna ko ya koma gida?

Baba Saje, Zuru:
Wa alaikumus salam ɗana. Ni na taɓa zama baƙon sojan da kake magana a kai, don na yi Laberiya na yi Saliyo a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Afirka ta Yamma, saboda haka abin da na gani da idona zan faɗa maka.

Rundunar ta sauka Monrobiya a Agustan 1990, ni daga baya na je. Farkon zuwanka wuri irin wannan kamar ango kake. Tsofaffin mata na kawo maka ruwa da kwakwa a shingen bincike, yara na bin motarka da gudu suna ɗaga hannu. Ka ƙara shekara biyu uku a wannan shingen ka gani. Matar da ke kawo maka ruwa ita ce za ta wuce da tallanta ta kau da kai, don kullum sai ka sa ta sauke kaya ka bincika, kuma an taɓa tsare ɗanta kwana biyu bisa kuskure, ba ka jin yarenta ba ta jin naka, wanda ke yi maka tafinta ma ba ka san ko da wa yake kwana ba. Shi ma sojan ya gaji, an kashe abokinsa jiya, wasiƙar gida sai ta yi watanni ba ta iso ba, hannunsa ya fara sauri a kan kunamar bindiga. Ba wai mugu ba ne, daɗewa ce ke lalata tsakani. Ni da na dawo gida ɗiyata da na bari tana rarrafe ta ɓuya bayan uwarta, kwana huɗu ba ta yarda na ɗauke ta ba, har yau in na tuna sai raina ya sosu.

To amma kada ka ɗauka cewa nake a wayi gari kawai a naɗe tabarma. A Fabrairun 1998 mun kori sojojin da suka ƙwace mulki a Firitawun babban birnin Saliyo, aka maida shugaba Kabbah, sai ga 'yan tawayen RUF sun dawo cikin birnin ranar 6 ga Janairun 1999, abin da suka yi wa mutane ba ya faɗuwa, yanke hannuwa har na yara. Da Obasanjo ya hau ya fara janye mu, muka miƙa wa sojan Majalisar Ɗinkin Duniya, na ƙarshenmu na fita a Mayun 2000 'yan tawaye suka kame wajen 500 daga cikin waɗanda muka bar wa wurin, sai da Ingila ta turo nata sojan aka shawo kan abin, yaƙin bai ƙare ba sai Janairun 2002. Su fa na daji lissafi suke, ranar tafiyarka sun fi ka saninta. Ni a wurina tafiya dole ce, baƙo raɓa ne, amma kafin ka ɗaga ƙafa ka duba wa za ka bar wa shingen, yana da harsashi, ana biyansa albashi, mutanen gari sun yarda da shi? In babu ko ɗaya to ka bar su cikin wuta, kuma kai ka taimaka aka hura ta.

Abdou na Gaya:
Baba Saje Allah ya ƙara girma, amma ku naku daban ne, ku maƙwabta ne kun je kun zubar da jininku kun dawo ba ku ɗauko komai ba. Faransa fa? Ni uwata 'yar Gaya ce ubana ɗan Dole Kaina, duk abin nan a kanmu ya ƙare. Suna nan da jiragensu da na'urorinsu aka kashe sojan Nijar 71 a Inates a Disambar 2019, wata ɗaya bayan nan aka kashe 89 a Cinagodar, ina jiragen da aka ce suna ganin allura a cikin rairayi? A Tera a Nuwambar 2021 matasa suka tare ayarin motocinsu aka harbe mutum uku. A Bounti ta Mali jirginsu ya saki bam a kan taron biki, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce fararen hula 19 suka mutu, su suka ce sam 'yan ta'adda ne. Kuma tun asali wa ya rusa Libiya a 2011 makamai suka watsu cikin Sahara kamar gyaɗa? Shekara sama da hamsin suna kwasar yuraniyom a Arlit mu kuma wutar lantarki sai mun jira ta Kainji ta biyo ta Birnin Kebbi. Ni ko gobe aka sake tambayata su tafi zan ce, kayan aro ba ya rufe katara.

Maman Ihsan, Argungu:
Malam Abdou ban ƙi taka ba, duk abin da ka lissafa ya faru kuma da ciwo. Amma ni abin da ke damuna shi ne masu cewa a zauna da masu cewa a tafi duk maza ne a birni, wadda abin ke faɗawa a kanta tana ƙauye ba mai tambayarta. Gwaggona a yankin Augie take aure. Bayan 'yan bindigar nan Lakurawa sun kashe mutum 15 a Mera a Nuwambar 2024 ta zo wurinmu da jikoki uku da ƙullin kaya ɗaya, ta yi wata biyu, ko ƙarar babur ta ji a lungu sai ta miƙe tsaye tana lalubar yaran. Shanun mijinta da ya tara shekara da shekaru ya sayar da su da asara don gudun kada a zo a ce zakka. Ita ba ta san wata Faransa ba, abin da ta sani da ana kwana a waje lokacin zafi yanzu ba a yi.

Ban ce tafiyar Turawa ce ta kawo su ba, don su Lakurawan nan an ce tun shekarun baya wasu al'ummomi a Tangaza da Gudu suka kira su da kansu don su kore musu ɓarayin shanu, ga shi mai maganin ya zama ciwon. Wannan ma ai darasi ne a kan kiran baƙo mai bindiga, ko Bature ne ko mai rawani. Amma bayan juyin mulkin da aka rufe iyaka aka yanke wuta aka daina sintiri tare tsakanin sojanmu da na Nijar, wa ya ci ribar? Su. Kuma ku dubi Afganistan, tun da Taliban ta dawo yarinya ba ta wuce aji shida a makaranta. Ni malama ce, 'yan mata nake koyarwa, in na tuna wannan ba na iya tafa wa kowace tafiya hannu haka kawai.

Sadiq Jega:
Anti kin taɓo inda nake so. Afganistan ita ce misalin da ya fi kowanne, kuma tana ba kowane ɓangare hujja. Amurka ta shiga a Oktoban 2001, shekara ashirin, sojanta sama da 2,400 suka mutu, kuɗi sama da dala tiriliyan biyu, amma Taliban ta shiga Kabul ranar 15 ga Agustan 2021 tun kafin jirgin ƙarshe ya tashi. In shekara ashirin ba ta gina sojan da zai tsaya da ƙafarsa ba, ta ashirin da biyar ce za ta gina? Sai dai kuma yadda aka fita ɗin akwai zalunci, don yarjejeniyar Doha ta Fabrairun 2020 tsakanin Amurka da Taliban aka yi ta, gwamnatin ƙasar ba ta kan teburin, to wane soja ne zai ba da ransa bayan ya ji an riga an gama ciniki a bayansa. Wani abin da mutane ke mantawa, da Tarayyar Sobiyet ta fita a 1989 gwamnatin Najibullah sai da ta ƙara shekara uku, ba ta faɗi ba sai 1992 da kuɗi da man fetur suka daina zuwa daga Mosko. Kenan ana iya kwashe soja ba tare da an yanke igiyar gaba ɗaya ba. Malam Abdou kuma tambaya ɗaya da girmamawa, Faransa ta fita a Disamba, zuwa Afrilun 2024 sojan Rasha sun sauka Yamai da sunan masu horarwa, su ba aro ba ne?

Abdou na Gaya:
Aro ne ƙanena, ban ji daɗinsa ba ni ma, kuma na ga abin da ake faɗa a kansu a Mali. Bambancin dai mu muka kira, in mun ga dama mu sallama. Ko da yake Mali ma ita ta kira Faransa a 2013 har aka yi ta raye-raye a Tumbuktu, wannan kam ba zan musa ba.

Direban Kamba:
Na gode ƙwarai jama'a, Baba Saje Allah ya saka da alheri ya jiƙan abokanka da suka kwanta can. Hajiya Allah ya maida Gwaggo ɗakinta lafiya, mu ma nan akwai irinsu da yawa daga ƙauyukan bakin iyaka. Har yanzu ina kan cewa tafiyarsu ta yi daidai, amma zan koma in gaya wa yaya ya fi ni gaskiya a wuri ɗaya, murnar da muka yi ba mu tsaya mun tambayi wa zai riƙe dajin ba, kuma namu shugabannin na nan da na Yamai suka ɓige da gaba da juna a daidai lokacin da ya kamata su haɗa kai. Baba tambaya ta ƙarshe, a ganinka in sojanmu da na Nijar suka koma sintiri tare daga Dole Kaina har Kangiwa, za su iya riƙe bakin iyakar nan ba tare da jirgin kowa ba? Jibi in Allah ya yarda ina da lodin albasa zuwa Gaya, sai na dawo zan duba amsarka.