Allon hana ajiye mota a ƙofar gida: kowa ya faɗi abin da ya same shi

Malamin lakwal, Zariya

Salamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana goma sha biyu da muka wayi gari da alluna biyu a layinmu na unguwar Zariya, nan Maradi, ɗaya a bakin gudro, ɗaya can ƙarshe wajen famfo. Irin zagayen nan ne shuɗi mai jan baki, da jan layi a karkace. Duk wanda ya yi parmi ya san nufinsa: ba a ajiye mota a nan. Ba a kira mu ba, ba a yi shela ba, ko a masallaci ba a faɗa ba. Ni sai rana ta uku na san da gaske ake, da na fito zan kai yara na tarar da takarda a soke ƙarƙashin abin share gilashi.

Gidan haya nake. Ƙofarmu ta mutum ɗaya ce, moto ma sai an karkatar da kansa yake shiga. Tsohuwar Starlet ɗina shekara tara tana kwana gindin bedin ƙofar gida. Na tambayi wanda ya karɓi tarar, to ina zan kai ta? Ya ce shi karɓa aka turo shi, ba nema wa mutane wuri ba. Ban ga laifinsa ba, sai dai amsarsa ba garaji a cikinta. Yanzu a gidan wani abokin aikina take kwana, ana idar da sallar asuba nake taka sayyada in je in ɗauko ta, in dawo in kwashi yara.

Na ji ba mu kaɗai ba ne. Ina roƙo kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ban da "an ce", don mu samu abin da za mu kai wa mai unguwa.

Mai shago, Sabon Gari

Wa alaikumus salam Malam. Ni ba ni da mota, amma ni allon ya fi ci. Motar da ke kawo mini shinkafa da mai da makaroni a da har bakin shago take tsayawa, minti goma an sauke ta tafi. Yanzu direban ya ce ba zai shigo ba, a bakin gudro yake jibge mini kaya. Daga can sai mai kura, kowane buhu dala ashirin. Buhu talatin ka lissafa, jika uku ta tafi kafin in sayar da ko tiya guda. Kuma a kan wa zan ɗora? A kan matar da za ta aiko yaro da dala hamsin. An bar jaki ana dukan taiki.

Maman 'yan biyu, Sabon Gari

Ku yi haƙuri in faɗi wadda ba za ta yi muku daɗi ba. Ni ranar da na ga allon nan sai da na yi hamdala.

Bara da damina naƙuda ta tashi mini wajen ƙarfe biyu na dare. Maigida ya kira maƙwabcinmu mai mota, ya taso ba musu, Allah ya saka masa. Amma gingimari biyu ne a bakin layin, ɗaya ta nan ɗaya ta can, tsakaninsu ko amalanken jaki ba zai wuce ba. Ɗaya ɓangaren kuma ruwa ya kwanta, ba mai shiga da ƙaramar mota. Aka yi ta dukan ƙofar gingimarin, yaron motar ya leƙo da barci a idonsa ya ce makulli na wurin direba, direba kuma yana wata unguwa, wayarsa a kashe. Da ƙafata na fita, uwar mijina riƙe da ni ta dama, ƙanwata ta hagu, ina dafa jikin motar ina bin ta taya bayan taya. Har yau ina jin sanyin ƙarfen nan a tafin hannuna. Takalmina ɗaya a cikin taɓo ya tsaya, ba wanda ya koma nemansa. Allah ya yi da sauran kwana, muka isa likita, aka samu yaran lafiya.

Wannan na dare ɗaya ne. Na kullum kuwa, ƙarfe huɗu na asuba za a tada inji a bar shi yana ta ruri, hayaƙin ya shigo ta taga har kan gidan sauro. Yaran mota su yi fitsari a jikin katangarmu. Baƙin mai ya malale inda yara ke wasa. Malam, motarka ba ta taɓa tare mini hanya ba, kuma ban ji daɗin tarar da aka ci ka ba. Amma in za ku je ku ce a cire allon gaba ɗaya, kada ku sa sunana.

Malamin lakwal, Zariya

Subhanallahi. Allah ya raya su, Hajiya. Wannan ma za mu kai ta yadda kika faɗe ta.

Direban gingimari, ɗan Tibiri

Hajiya, ba motata ba ce, amma na sunkuyar da kai, don irin aikinmu ne. Allah ya ba ki haƙuri.

Sai dai ku ji ta bakinmu. Shekara ashirin da biyu ina bin hanyar Dan Isa zuwa Jibiya da Katsina, wani lokaci in yi yamma har Konni. Ba mu saba kwana cikin unguwa haka ba. Da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019, har sai Disambar 2020 aka buɗe, motoci suka tsaya cak. Mai mota ba zai yi ta biyan kuɗin gadi wata da watanni ba alhali ba ta kawo ko dala, sai ya ce kai ta ƙofar gidanka ka sa mata ido. A 2023 aka sake rufewa, muka sake komawa gidan jiya. Daga nan abin ya zama jiki.

Kuma akwai dalilin sa idon. Na taɓa barin ta a wani fili bayan gari, dare ɗaya tak. Da safe batir biyu babu, an zuƙe gazuwal, har tampol an yanke igiyarsa an tafi da shi. Wata uku ana cire mini daga albashi. A nuna mana fili mai katanga da fitila da mai gadi, wallahi za mu biya, mu ma mu yi barci da ido biyu a rufe. Amma a ce kada ka tsaya nan, ba a ce ga inda za ka tsaya ba, to layin gaba zan koma, inda ba a kai allo ba tukuna. Haka abokaina suka yi, ku tambayi mutanen bayanku.

Mazaunin layin baya

Ba sai an tambaye mu ba, ga mu. Huɗu ne a layinmu tun ranar Talata. A da ko ɗaya babu.

Ɗan kabu-kabu

Ni motona aka ɗauka. Na jingine shi jikin katangar masallaci na shiga sallar azahar, raka'a huɗu, na fito babu. Na zaci ɓarawo ne, har na fara salati, sai mai shayi ya ce an jefa shi a bayan mota an kai furiyar, inda ake tara abin hawan da aka kama. Yinin ranar a can na ƙare shi. Ga tara, ga kuɗin mai moto na ranar da ba ya jin uzuri. Abin da nake so in sani, allon nan har da moto? Wanda na tambaya a can ya ce e, wani a gefensa ya ce a'a.

Dattijo daga Bagalam, jikansa ke rubuta masa

'Ya'yana, na ji duk abin da kuka ce. Ku bar tsoho ya sa baki.

Garin nan da kuke gani ba nan yake ba. A ƙasa yake, cikin fadama, bakin Gulbi. Ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka hawo da mutane bisa tudu. Mahaifina yana cikin waɗanda suka ɗauko kayansu a ka. Da aka zo nan, da igiya aka ja layuka, miƙaƙƙu, masu faɗi, gida gida a jere. Ina yaro ana wucewa da raƙuma ɗauke da buhunan gyaɗa ta layinmu, mata na daka a ƙofar gida, ba wanda ya matsa wa wani.

To wa ya cinye faɗin? Mu ne. Wannan ya fito da dakali. Na kusa da shi ya ga haka ya kafa rumfa. Rumfa ta kwana biyu ta zama shago. Wancan ya haƙa ramin wanka a waje, ya ɗaure raguna biyu, ya jibge yashi da bulo na ginin da shekara bakwai ba a fara ba. Ni mai maganar nan dakalina ya ci taku uku na hanya, ba zan ɓoye ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Amma inda na ga an yi kuskure, an ɗauka layi hanya ce kawai. A wurinmu layi rabin gida ne. Nan ake suna, nan ake ɗaurin aure, nan ake shimfiɗa tabarmar gaisuwa. Ba a taɓa abin da ke rabin gidan mutum ba a yi masa sallama ba. A da ko bishiya za a sare sai mai unguwa ya tara mu.

Hajiya mai saida atamfa, Ali Dan Sofo

Baba ya taɓo inda ke yi mini ciwo. Ranar Lahadi aka yi addu'ar uku ta yayana. Mutane sun zo daga Tasawa, daga Madarunfa, har daga Katsina. Ana cikin karatu sai ga yaro da gudu, wai a fito a janye motoci ko a ɗauka. Ku duba mini, manyan mutane da rawani suka miƙe tsakiyar addu'a suna laluben makulli a aljihu. Wani tsoho da aka kawo daga Tasawa, ƙafarsa ba ta taka ƙasa sosai, sai da aka riƙo shi tun daga bakin gudro. Da wani maƙwabci ya je ya yi musu bayani sun bari, ban ce ba su da mutunci ba. Amma an riga an watse, rabin mutane ba su dawo sun zauna ba. Mutuwa ba ta ba da sanarwa balle mu nemi izini tun jiya.

Mazaunin layin baya

Tunda gaskiya ake faɗi, a taɓo masu garaji. Akwai matattun motoci uku a kusurwarmu, ɗaya har kaza ta yi ƙwai a ciki.

Makanike

Da ni kake, na gane. Biyu daga ciki masu su ne suka kawo gyara, na faɗi kuɗin kaya, suka ce suna zuwa. Ɗaya yau shekara huɗu. In sayar a ce na ci amana, in bari a ce na tare hanya. Ta ukun tawa ce, wannan kam zan janye ta kafin Juma'a. Ƙwan kuma na mai kaza ne.

Ɗalibi a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo

Iyayena, ku ba ni dama. Layinmu yashi ne zalla har lokacin Maradi Kolliya a 2015, da aka yi ayyukan hanyoyi a gari. Tun da hanyar kusa da mu ta gyaru, masu gudun cunkoson kasuwa suka mai da layinmu mashiga. Motocin da ke tsaye gefe da gefe su ne ma ke sa su rage gudu. Kwana goman nan da layi ya zama fayau, 'yan moto kamar an sako su daga gora. Shekaranjiya saura ƙiris a kwashe ƙanena yana dawowa daga makarantar allo.

Abin da zan ce a kai wa mai unguwa: a raba gingimari da ƙaramar motar mai gida, don ba nauyinsu ɗaya ba. A bar gefe guda na ajiyewa, gefe guda a buɗe ko da yaushe, yadda motar likita ko ta 'yan kwana-kwana za ta wuce. Masu sauke kaya a ba su lokaci da safe. Kusurwoyi kuma a hana kowa, har mai gida.

Maman 'yan biyu, Sabon Gari

In haka ne a sa sunana. Amma gefen da za a bari a buɗe ya zama buɗe har cikin dare, ba na rana kaɗai ba.

Mai shago, Sabon Gari

Sai dai rigimar da za a sha a kan wane gefe. Kowa zai ce na maƙwabcinsa.

Direban gingimari, ɗan Tibiri

Malam, kada a manta da maganar fili. In ba ta shiga takardar ba, mun yi aikin banza, wata unguwar za mu kai wa ciwon.

Malamin lakwal, Zariya

Ta shiga, ita ce ma ta farko. Na biyo da ta kusurwa, da ta gefe guda, da ta masu sauke kaya, da ta ranar gaisuwa da biki, sannan tambayar ɗan kabu-kabu, a faɗa mana a fili ko har da moto. Baba, na rubuta maganar dakali ma, ko da yake na san ranar za a harare ni, don nawa mai gidan hayar ya fi naka tsawo.

Na je wurin mai unguwa bayan magariba. Ya ce shi ma da safe ya ga allon kamar kowa. Ya yarda mu haɗu a ƙofar gidansa ranar Asabar bayan la'asar, mata su zauna a zaure, za a shimfiɗa musu tabarma. Wanda aka ci tara ya zo da takardarsa. Kuma ku zo da ƙafa, don layinsa ma akwai allo.