Jina yana raguwa sannu a hankali: yaya zan hana zuciyata karaya?

Mai Neman Shawara:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni mace ce mai aure da 'ya'ya, shekaruna ba su kai arba'in ba, kuma a 'yan shekarun nan jina yana ta raguwa a kunnuwa biyu. Likitan kunne ya yi mini gwaji, ya ce matsalar tana can cikin kunne, ba datti ba ne kuma ba ciwon da za a sha magani a warke ba ne, sannan ya shaida mini cewa da alama abin zai ci gaba. Abin da ya fi damuna shi ne ina jin muryar mutum sarai, amma kalmomin sai su cakuɗe, musamman idan mutane da yawa suna magana a lokaci guda. Na gaji da cewa "na'am?", don haka na koma gyaɗa kai ina murmushi alhali ban fahimci komai ba, har na fara guje wa shiga jama'a. Ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan hali su gaya mini yadda suka riƙe ƙarfin zuciya, suna sane da cewa abin ƙaruwa zai yi.

Dattijo:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sassauta miki. Na daɗe a cikin wannan hali, kuma a ganina gyaɗa kan nan da kike yi ya fi raguwar jin kansa cutar da ke, domin shi ne ke raba ki da mutane kina zaune a tsakiyarsu. Wanda bai san jinki ya ragu ba zai ɗauka wulaƙanci kike yi masa, ko girman kai ne ya hana ki amsawa, amma wanda kika gaya wa gaskiya yakan yi ƙoƙari fiye da yadda kike zato. Ki riƙa faɗa tun farkon hira, ba tare da jin kunya ba, cewa jinki ya ragu, a fuskance ki, a yi magana a tsanake, kuma ba sai an ɗaga murya ba, domin ihu ƙara dagula kalmomi yake yi.

Idan wani abu ya kuɓuce miki, ki maimaita ɓangaren da kika ji, ki ce "na ji ka ce gobe, amma ƙarfe nawa?" Wannan ya fi sauƙi ga mai magana a kan ya sake jero maganar tun daga tushe. Ki zauna inda haske ke kan fuskar mai magana, nesa da rediyo da fanka. Sannan ki sani cewa gajiyar da kike ji bayan doguwar hira ta gaske ce, domin ƙwaƙwalwarki tana cike gibin da kunne ya bari, don haka ki ba kanki hutu. Akwai ranakun da baƙin ciki zai zo, kuma ba na ganin laifin hakan, sai dai kada ki bari ya sa ki rufe ƙofa.

Ma'aikaciyar Lafiya:

Sannu, 'yar'uwa. Abin da kika bayyana ya dace da yadda wannan lalura take. A can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar katantanwa, cike da ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, waɗanda ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Idan suka lalace ba sa sake tsirowa, kuma waɗanda ke ɗaukar siririn sauti su ne galibi kan fara lalacewa. Shi ya sa sautuka irin su "s", "f" da "sh" ke ɓacewa alhali amon muryar yana nan, kuma muryar yara takan fi ta manyan maza wuyar kamawa.

Ba ke kaɗai ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2021 ya nuna cewa fiye da mutum biliyan 1.5 ne ke da raguwar ji a duniya, kuma kimanin miliyan 430 daga cikinsu suna buƙatar kulawa ta musamman.

Abin da ke hannunki shi ne kare jin da ya rage. Ki guji zama cikin ƙara mai ƙarfi, domin sautin da ya kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), idan aka shafe awa 8 a cikinsa kullum, yana iya lalata kunne, kuma da zarar ya ƙaru da desibel 3 sai lokacin da za a iya jurewa ya ragu da rabi. Ki sanar da duk likitan da zai rubuta miki magani halin da kike ciki, saboda wasu magunguna, kamar allurar jentamaisin da kwinin, suna iya taɓa ji. Ki riƙa sake gwaji lokaci zuwa lokaci, kuma idan jin ya faɗi farat ɗaya, musamman a kunne guda, ki garzaya asibiti a ranar, domin irin wannan ana iya ceto shi idan aka yi gaggawa. Batun na'urar taimaka wa ji kuwa, ina roƙonki kada ki jinkirta har sai abin ya tsananta, domin ƙwaƙwalwa ta fi saurin sabawa da ita tun ba ta manta sautukan ba. Idan ma wata rana na'urar ta gaza, akwai wadda ake dasawa a cikin kunne ta hanyar tiyata ga waɗanda gwaji ya nuna ta dace da su.

Mai Amfani da Na'ura:

Yaya, na yarda da shawarar na'ura, amma gara ki san gaskiyarta tun yanzu don kada ki jefar da ita a makon farko. Ba ta mayar da ji yadda yake a da, kuma da farko ƙarar takarda da ta takalmi za su dame ki, sai an yi makonni ana sawa kullum ana komawa a daidaita ta kafin a ji daɗinta. Ni abin da ya rage mini fargaba shi ne na fara shiri tun jina bai yi nisa ba. Na koyi karanta leɓe, ko da yake shi ma yana da iyaka, tun da "b", "ɓ" da "m" kamanninsu ɗaya ne a baki, sannan na fara koyon maganar hannu, inda na haɗu da kurame masu sana'a da iyali da raha, waɗanda ba su ɗauki kansu abin tausayi ba. Tun daga nan tsoron abin da zai zo ya yi mini sauƙi ƙwarai.

Mijin Mai Lalura:

Malama, matata tana da irin lalurarki, don haka ina so ki nuna wa maigidanki wannan. Babu abin da ke ƙona mata rai kamar ta nemi a maimaita magana a ce mata "bar shi, ba komai ba ne". Mun yi yarjejeniya a gidanmu cewa ba a kiran ta daga wani ɗaki, ba a yi mata magana ana ba ta baya, kuma idan aka yi dariya sai an gaya mata dalili. Yara sun fi kowa saurin sabawa da wannan. Idan za ki koma wurin likita, ki tafi tare da shi, ya ga sakamakon gwajin da idonsa, ya yi tambayoyinsa.