Musayar Waƙa: Shin Mai Riƙon Kanti Zai Iya Riƙon Ƙasa?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum. Na buɗe wannan musaya da zaɓen 12 ga Yuni 1993, wanda attajirai biyu, Abiola na SDP da Bashir Tofa na NRC, suka kara a cikinsa.

Wanda ya sha wuyar neman kwabo,
Ba ya ɓarnar kuɗin Najeriya.
Mai biyan albashin dubban mutane,
Ya san ciwon talaka tun jiya.
Abiola har a Kano ya ka da Tofa,
Don an san shi da kyauta da juriya.
Babangida ne ya soke zaɓen,
Da an bar tajiri da an ga gaskiya.

Mai Alli:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. A shekarar da ka ambata akwai ɗan kasuwa na uku, kuma shi ne ya zauna a kan kujerar.

Ka kawo mana wanda bai hau mulki ba,
Wanda ya hau kuwa ba ka ambata ba.
Shonekan ya shugabanci kamfanin UAC,
Babu wanda ya fi shi sanin riba.
A Agusta aka ba shi riƙon ƙwarya,
Nuwamba ta zo, bai cika wata uku ba.
Abacha ya karɓe kujerar a zaune,
Lissafin kanti bai tsare shi ba.
Mai shago na korar yaron da ya gaza,
Shugaba ba zai kori 'yan ƙasa ba.

Gwaggon Yara:
Allah ya ƙara basira, Malam, wannan amsa ta wadatar. Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano da Umaru 'Yar'aduwa duk daga aji suka fito, domin wanda ya iya haƙuri da ɗan wani shi ne ya cancanci a ba shi amanar jama'a.

Ɗan Kwari:
Gwaggo, na ga ɓangaren da kika tsaya. Malam, ga taka.

Malam mai alli, tsaya ka ji amsa,
Kai da ke jiran albashin ƙarshen wata.
Shagari ai malami ne kamarka,
A 1983 soja ya ture shi, ko ka manta?
In juyin mulki ne ma'auninka,
To alli ma ya faɗa cikin wuta.
Leƙa Kwatano ka ga Talon mai auduga,
Da ya hau mulki ya shimfiɗa kwalta.

Sarkin Ƙafiya:
Alhaji, hujjarka tana da nauyi, amma ɗango na huɗu ya karye, saboda duk wanda zai rera shekarar nan da baki numfashinsa zai ƙare kafin ya isa ga amsa-amo. Ya kamata shekaru su tsaya a cikin zube.

Yaron Alhaji:
Ranka ya daɗe, me ya sa ba ka auna na Malam ba? Ƙafiyar "ba" ita ce mafi arha a waƙar Hausa, tunda kowace jimlar korewa tana kawo ta kyauta, kuma baitinsa na biyu ma da "riba" ya lallaɓa.

Sarkin Ƙafiya:
Ɗana, magabata sun gina dogayen waƙoƙi a kan "ba" kuma babu wanda ya raina su. Sauƙin ƙafiya ba aibi ba ne, karyewar kari kuwa aibi ne.

Mai Alli:
Ku gafarce ni da jinkiri. Alhaji, Shagari da ƙuri'a ya hau a 1979 kuma ya yi shekara huɗu, Shonekan kuwa naɗa shi aka yi saboda sunansa a kasuwa, ba shi da jam'iyya ko mazaɓar da za ta tsaya masa. Talon ya ci zaɓe a Benin a 2016, amma a zaɓen majalisa na 2019 jam'iyyu biyu kaɗai aka bari suka shiga, kuma dukansu masu goyon bayansa ne. Na sauya ƙafiya domin Yaron Alhaji.

Kwalta na gani, Alhaji, ban musa ba,
Amma ka auna yadda ya yi shugabanci.
Wanda ya saba ba da umarni a kamfani,
Gardamar majalisa gare shi cin mutunci.
Asibitin ƙauye ba ya kawo riba,
Wa zai gina shi in riba ce ma'aunin adalci?

Ɗan Kwari:
Malam, tambayarka ta ƙarshe ita zan amsa, sauran kuma sai gobe.

Asibitin ƙauye da kuɗi ake gina shi,
Da kuɗi ake sayen allura da magani.
Wanda bai san yadda ake tara su ba,
Bashi zai ciwo, jikanka ya biya, ka sani.