Yaron da ya gama nazare bai iya rubutu ba, an ci kuɗin iyayensa?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum. 'Yan biyuna za su cika shekara uku kafin zangon Satumba, kuma na leƙa makarantu biyu a unguwarmu. Ta farko tana ba 'yan shekara uku aikin gida, har shugabarta ta nuna mini littafin ɗan shekara huɗu da ya rubuta ɗaya zuwa ɗari. Ta biyu ta rubuta Montessori, sunan wani tsarin koyar da yara, a allon ƙofarta, na kuma tarar da yara a kan tabarma, wannan yana juye ruwa daga kofi zuwa kofi, wancan yana jera 'yan katakai. Maigidana ya ce duk yaron da ya gama nazare bai iya karatu da rubutu ba, kuɗin iyayensa kawai aka ci. Ina neman ra'ayinku.

Baban Yara: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ina bayan maigidanki, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yawancin firamare masu zaman kansu sai sun gwada yaro kafin su ɗauke shi aji ɗaya, kuma haruffa da lissafi suke tambaya. Ga 'ya'yanmu nan a Islamiyya suna haddace surori tun suna shekara huɗu, babu wanda ya ce an takura musu. Juye ruwa a kofi kuwa ai a gida ma suna yi.

Malamar Nazare: Alhaji, akwai gyara a nan, domin tsarin Montessori bai hana karatu ba. Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, ta buɗe ajinta na farko a 1907 a San Lorenzo, wata unguwar talakawa a birnin Rum. A tsarinta ana haɗa 'yan shekara uku zuwa shida a aji guda, kowane yaro ya zaɓi aikinsa, a bar shi ya nutsu a kai na tsawon lokaci ba tare da ƙararrawa ta katse shi ba. Yaro yana shafa haruffa masu kaushi da yatsa yana faɗin sautinsu, sannan ya harhaɗa kalmomi da haruffan da aka yanka, tun kafin hannunsa ya yi ƙwarin riƙe fensir. Juye ruwan nan shi ne ke horar da yatsu da nutsuwa. Amma Hajiya, ki sani cewa sunan ba mallakar kowa ba ne, duk mai makaranta yana iya rubuta shi a allo ko da babu malama ɗaya da ta sami horon.

Tsohon Hedimasta: Shekaru da yawa ina karɓar 'yan aji ɗaya, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yaron da zai rera haruffan Turanci tiryan-tiryan, amma idan na ɗora yatsa a kan harafi ɗaya a tsakiya sai ya yi shiru. Wanda ya rubuta ɗaya zuwa ɗari, a miƙa masa duwatsu bakwai a ce ya ƙirga, a nan za a san ko ya san lissafi. Alhaji ya kawo misalin hadda, to mu duba yadda makarantar allo take yi. Da kunne yaro yake farawa, yana bin bakin malam, sannan a shiga babbaƙu, sannan farfaru, kuma malam ne ke rubuta masa allo har zuwa lokacin da hannunsa ya nuna. Magabatanmu ba su ɗora wa ɗan shekara uku alƙalami ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta Nijeriya, bugun 2013, ita ma cewa ta yi wasa ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki, kuma kada malami guda ya riƙe yara fiye da 25. A Finland sai yaro ya shekara bakwai yake shiga firamare.

Baban Yara: Ranka ya daɗe, na karɓi maganar allo, amma Finland ba ita ce mu ba. Yaron can yana tashi cikin littattafai, ajin da zai shiga kuma ba cunkushe yake ba. Namu idan bai samu harafi a nazare ba, wa zai tsaya a kansa a ajin da yara suka cika maƙil? Jinkirin da ɗan mai hali zai iya ɗauka, ɗan talaka ba zai iya ba.

Malamar Nazare: Wannan damuwa gaskiya ce, Alhaji, kuma an taɓa gwada barin yaro ya tsara aikinsa da kansa a kan 'ya'yan talakawa. Daga 1962 zuwa 1967, a garin Ypsilanti na jihar Michigan a Amurka, an ɗauki yara 123 daga gidaje marasa ƙarfi, aka sa wasu a ajin da yaro ke tsara abin da zai yi, ya yi, sannan ya ba malama labarin yadda ya yi, sauran kuwa ba a sa su ba. Da aka bi sawunsu har suka shekara 40, waɗanda suka shiga ajin sun fi kammala sakandare, sun fi samun abin hannu, kuma ba a kama su da laifi kamar sauran ba. Sai dai dole in faɗi cewa kowace malama yara biyar ko shida take riƙe, kuma duk mako tana zuwa gidajensu. Wasa a ajin yara arba'in da malama ɗaya ba zai haifar da wannan ba.

Tsohon Hedimasta: Ni ma ina da ƙorafi a kan Montessori, Malama, duk da na fi karkata gare ki. Kayan aikinsa suna da tsada, kuma masu bin sa sau da ƙafa ba sa son a ba ƙananan yara labaran da ba su faru ba. Mu kuwa da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi bakinmu ya buɗe, da ita muka koyi jera magana daga farko zuwa ƙarshe. Sannan Hajiya, ki tambayi da wane harshe ake yi wa yaran magana. Rubutun Hausa yana bin furuci, wanda ya san sautin ba da na ka zai karanta baka da kansa, alhali Turanci ba haka yake ba, ga shi kuma yaron bai ma ji harshen ba tukuna.

Maman 'Yan Biyu: Na gode, Baba. Zan nemi kowace makaranta ta bar ni in zauna a aji na safiya guda, in ƙirga yaran, in ji ko ana sauraronsu idan sun yi magana, in kuma tambayi inda malamar ta yi horo.

Baban Yara: Ki haɗa da tambayar firamaren da ɗalibansu na bara suka shiga, Hajiya, da yadda suka yi a gwajin shiga. Idan masu Montessori sun nuna miki wannan, ni da kaina zan sake duba maganata, amma kafin nan ina nan tare da maigidanki.