Don Allah a taimaka min da wannan lissafin na ɗigo

Salam 'yan uwa, 'yata ce ta dawo da aikin gida tun jiya muke fama. An ce a nemo wata lamba mai gurbi uku bayan ɗigo, ta fi 3 amma ba ta kai 4 ba, lambar da ke gurbin ɗaya bisa goma ninkin ta gurbin ɗaya-ɗaya ce, ta gurbin ɗaya bisa ɗari kuma ta gaza ta ɗaya-ɗayan da 2, in an tara duka huɗun a samu 17. Ita ta rubuta 3.761 malaminsu ya soke da jan biro, ni kuma na tara na ga 17 ɗin cif, to ina matsalar? Wallahi har kuka ta yi.

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam Hajiya. Amsar 3.617 ce. Farko 3, ninkinta 6, sai 3 a cire 2 saura 1, sun tashi 10, saura 7 a cike 17.

Amsa ta 2: Maman yarinya kar ki yi mata faɗa, lambobinta duk daidai ne, wurin zama kawai ta sauya musu, kuma na gane abin da ya ruɗe ta don na sha ganinsa a aji. A hagun ɗigo an saba mata ɗaya-ɗaya, gomomi, ɗaruruwa, sai ta ɗauka a dama ma haka ne, ta bar gurbin farko ta kai 6 na biyu ta kai 1 na uku. Alhali da an tsallake ɗigo ɗaya bisa goma ake fara tararwa, babu wani gurbi a tsakani, daga shi sai ɗaya bisa ɗari sai ɗaya bisa dubu. Ki sa ta ja layi huɗu a takarda ta rubuta sunan kowane gurbi a ƙasansa kafin ta cika komai.

Amsa ta 3: Ni da tef ɗin awo na koya wa ƙanena. Ki nuna mata 0.6 na mita santimita 60 ne, 0.06 kuwa santimita 6 kacal, ta ɗora yatsa a kan kowanne ta ga tazarar da idonta.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, ashe ni ma kuskuren da nake yi kenan. Mun ja layukan ta samu 3.617 da kanta, yanzu ta ɗauko tef tana auna ƙofa.