Wa ya karanta littafin Mark Tully a kan mulkin Indiya?

Ɗan Birni:
Salam 'yan uwa. Wani yayana da ya yi karatu a Indiya ya bar min wani tsohon littafi, India in Slow Motion, na Mark Tully da Gillian Wright, 2002 ya fito. Tully ɗin nan shi ne ya daɗe yana shugabantar ofishin BBC a Delhi, a Kalkata ma aka haife shi a 1935. Na kai rabi, kuma abin da na fahimta shi ne wai ba talauci ko yawan jama'a ko addini ne ya riƙe Indiya ba, rashin iya mulki ne, 'yan siyasa da manyan ma'aikata sun haɗa kai sun danne komai. To tambayata, ƙasar da yanzu take harba kumbo zuwa wata, anya maganar nan tana nan kuwa ko littafin ya tsufa?

Malam Na Tasha:
Wa alaikumus salam. Na karanta shi da daɗewa. Abin da ka faɗa shi ake kira neta-babu raj, neta ɗan siyasa, babu kuma ma'aikacin gwamnati mai zama kan fayil. Ka duba babin Tehelka in ba ka kai ba, wata kafar labarai ce ta Indiya, 'yan jaridarta ne suka yi shigar dillalan makamai a 2001 suka ɓoye kyamara, aka ɗauki Bangaru Laxman shugaban jam'iyyar BJP na lokacin yana karɓar kuɗi lakadan yana sakawa a durowa, rufi dubu 100, har ministan tsaro George Fernandes sai da ya ajiye aiki. Amma sai 2012 kotu ta ɗaure Laxman, shekara 11 kenan fa ana jan shari'a. Wannan jan ƙafar shi mutumin yake nufi.

Yar Zariya:
Ni dai ina ganin ya tsufa gaskiya. Bayan fitowarsa an yi dokar 'yancin neman bayani a 2005, talaka zai rubuta takarda ya tambayi ina kuɗin titin ƙauyensu ya shiga kuma dole a ba shi amsa. Ga tallafi yanzu kai tsaye yake faɗawa asusun banki. Sannan kuma Tully Bature ne, ko a can aka haife shi, su ne fa suka kafa tsarin.

Malam Na Tasha:
Hajiya ai shi ma bai ɓoye wannan ba, cewa yake tsarin da Turawa suka gina don su mallaki mutane shi aka gada ba a sauya ba. Dokar 'yan sanda ta 1861 ce aka yi ta aiki da ita bayan samun 'yanci a 1947. Kuma mutumin ba daga otal yake rubutu ba, yana Ayodhya ranar 6 ga Disamba 1992 da aka rushe masallacin Babri, har kulle shi masu zanga-zangar suka yi a ɗaki.

Abu Hanan:
Bari in faɗi nawa. Na kai mahaifiyata asibiti a can, wallahi aikin likitocin ba a magana, cikin kwana 3 an gama gwaji an yi tiyata. Amma da bizarmu ta kusa ƙarewa na je neman ƙari, ranar farko aka ce hoton bai yi ba, washegari aka ce takardar asibiti ba hatimi, rana ta uku mai sa hannu ya fita shan shayi, ina zaune kan benci da fayil a cinya tun safe har la'asar ga tsohuwa na bari a kwance ba mai ba ta ruwa. Abin ya min ciwo sosai. Asibitin da ofishin nan tafiyar minti 20 ce tsakaninsu a keke napep amma kamar ƙasa biyu.

Ɗan Birni:
Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Malam wane babi ne na manoman da bashi ya yi wa katutu? Shi nake so in tsallaka in karanta daren nan.